Yaran da Muke Ɓoyewa in Baƙi Sun Zo

Zuwa ga Mama Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Amma tun da kika tafi ban sami wanda zan zauna gabansa in yi mita son raina, ya ƙyale ni in kai ƙarshe ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta miki a nan inda kowa zai gani. Wanda ya karanta ya ga kamar da shi nake, to da shi ɗin nake.

Ni ce Maryam ɗinki mai koyar da lissafi a aji shida, wadda kike cewa bakinta ya fi ta tsawo. Ina nan a makarantarmu ta Kurudu inda kika bar ni. Yara sun ƙaru, gidaje sun cinye gonakin da ke bayan katanga, rufin aji biyu kuwa bai fasa yoyo ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar wata sabuwar malama ce mai suna Keziya, da yaran ajinta na huɗu da ba su iya karatu ba. Ta nemi a taimake ta, kuma haɗin gwiwar makarantun da kika kafa don irin wannan ranar yana nan da ransa, har ya fi da girma. Zan ba ki labarin abin da ya yi mata, amma sai na fara tuna miki yadda yake a hannunki, don masu leƙen wasiƙar nan su san abin da nake kuka a kai.

Kin tuna shekarata ta farko? Kina shugabar makaranta, ina tsakiyar darasi, sai kawai na ga kin shigo ba sallamar kirki, kin wuce can baya kin matse tsakanin yara a kan benci, gwiwoyinki sun kusa taɓa haɓarki. Na zage na yi darasin da nake ganin ban taɓa yin kamarsa ba. Da aka tashi kika ja ni gefe kika ce, "Maryam, darasinki ya yi kyau, amma 'yan layin gaba kika koya wa. Sauran kallo suka zo." Na ji haushinki ranar, har na ƙi cin abincin rana.

Washegari kika aiko a kira ni, kika zaunar da ni a bayan ajin da kike koyarwa, kika ce in nemo miki laifinki. Da aka gama na ce ban ga ko ɗaya ba. Kika ce to ko barci na yi, ko ƙarya nake yi, in zaɓi ɗaya. Dole na buɗe baki na ce kina yin tambaya ki amsa da kanki kafin yara su gama tunani. Kika ce gaskiya ne, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa gaya miki. Daga ranar na daina tsoron a shigo min aji.

Ke kuwa ba ki tsaya a katangarmu ba. Kina yawan cewa kowace makaranta tana da mutum ɗaya da ya iya wani abu da sauran ba su iya ba, amma kowa ya shiga aji ya turo ƙofa kamar mai girkin da ba ta son maƙwabta su ji ƙamshi. Kika tsallaka kwalta kika sami Madam Rifkatu mai 'yar makarantar kuɗi kusa da coci. Kika jawo islamiyyar nan da ke haɗawa da boko. Kika nemo tsohon ɗalibinki Malam Sani da ke koyarwa can Jiwa, wanda in zai zo mana sai ya ratsa Abuja daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya sha cunkoson Nyanya, ya iso rigarsa ta jiƙe da zufa. Ko suna ba mu sa wa abin ba. Zagaye kawai muke ce masa. Wannan makon wani ya je ajin wani, ya zauna a baya, in an tashi su yi magana.

Dokokinki ba su da yawa, amma ba ki da wasa a kansu. Ba a faɗin ranar zuwa. Wanda ya fi kowa daɗewa a aiki shi ake fara kallo. Abin da aka faɗa ya tsaya tsakanin malamai, ba ya zuwa ofis. Sai wadda ta fi ba mu dariya, wato ba a ba mai zuwa abinci, ko ruwan sha da nasa zai zo. Madam Rifkatu ta taɓa saɓa miki, ta soya doya da ƙwai ranar da muka je, kika sa aka raba wa yara. Kika ce mata, "Rifkatu, in kin cika min ciki, da wane bakin zan ce miki darasinki bai shiga ba?" Ta yi fushi na kwana biyu ta sauko.

Kuma mun amfana, Mama, ba a baki ba. A wurin Madam Rifkatu na ga yadda ake yi da ajin da yaransa suka fito daga gidaje masu yare daban-daban, mai Gbagyi, mai Tibi, mai Hausa, mai Turancin buroka. Tana zaunar da wanda ya fahimta kusa da ɗan yarensu, ta ba su ɗan lokaci su yi ƙus-ƙus kafin ta ci gaba. A wurina suka ɗauki lissafi da marafen kwalba, har yau in na ga yaro yana tsintar marfi a titi sai in ji kamar aikina ne. Shi kuwa Malam Sani, Allah ya ba shi hannun koyar da karatu daga tushe. Ba ya duba girman yaro ko ajin da aka rubuta masa. Yana raba su ne bisa inda kowa ya tsaya: waɗanda ba su san baƙaƙe ba a tabarma ɗaya da 'yan kwalayen da ya yanka, masu haɗa baƙi a wata, masu karanta jimla a wata. Yana yawo tsakaninsu kamar mai duba shuka. Na taɓa kallonsa, amma kallo ɗaya ko biyu ba ya sa ka iya, balle ni da lissafi ne sana'ata.

Sai Allah ya karɓe ki.

Ba mu gama share hawaye ba labarin zagayenmu ya kai ofis. Wani Alhaji daga cikin manyan ofishin ilimi, mai karatu mai zurfi, mai fara'a, shi ya ɗauki abin da zafi. Ba mugu ba ne, Mama, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Da gaske yake son a ci gaba. Ya tara mu a wani ɗakin taro mai sanyi a bakin tafkin Jabi, aka rataya ƙyalle mai hotonki, aka raɗa wa zagaye wani dogon sunan Turanci da har yau sai na duba takarda nake iya faɗinsa. Ya yabe ki har na yi ƙwalla. Sannan ya ce, "Wannan abu ya wuce a bar shi kara zube. Dole mu sa shi a sistem, kowa ya san ranarsa, kuma mu riƙa samun rifot."

Na ɗaga hannu, kin san hali. Na ce ai ke kin hana faɗin rana, kuma kin hana magana ta je ofis, na faɗi dalili. Ya saurare ni da murmushi har na gama, ya ce ya ji daɗin wannan gudummawa, amma yanzu mun wuce wannan matakin. Aka tafa masa. Madam Rifkatu da ke gefena ta taɓa ni ta ce in zauna kafin a ce da ni 'yar adawa. Ba ta daɗe ba ita ma ta miƙa makarantarta ga 'yarta ta koma gida Filato.

Yanzu makarantu sun ƙaru sosai. Tun farkon zango ake fitar da jadawali, kowa ya san ranar da za a zo masa. Ba malami ɗaya ke zuwa ba, tawaga ce, kowace makaranta da hedimastanta a gaba, ga mai ɗaukar hoto, wani lokacin har da Alhajin da kansa. To kin san mu da baƙo. Tunda an ce ga rana, ga manya, ai ba zancen koyo kuma, zance ya koma na fita kunya.

Makarantar farko ruwan leda da biskit ta bayar. Ta biyu ta ce ita ba za a raina ta ba, ta kawo lemo da cincin. Kafin zagaye ya zo kanmu an kai ga dafa-duka da kaji, da kujerun haya, da rumfa, da yara a layi suna waƙar maraba da zuwa. Ana share fili tun ana saura kwanaki, a shafa wa duwatsu farar ƙasa. Darasin da za a nuna kuwa sai an yi mako ana bitarsa. Na je wata makaranta na ga yara suna ɗaga hannu tun malami bai rufe baki ba. Wani ma don zumuɗi ya miƙe ya ba da amsar tambayar da ba a kai ga yi ba tukuna. Muka yi dariya, muka tafa, aka rubuta cewa yara suna da kuzari.

In an gama sai a zauna wai tattaunawa. Kowa ya tashi ya ce ma sha Allah, malama ta yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Wa zai ce wani abu? Ga ƙamshin kaza yana shigowa ta taga, ga hedimastan mai masauki zaune yana kallon bakinka, ga naka hedimastan a gefe yana tuna maka da ido cewa wata mai zuwa su ne baƙinmu. Kara da kawaici, waɗanda kika koya mana mu ajiye a ƙofar aji, yanzu su ne suke zama a kujerar gaba.

Duk wannan da na haƙura, Mama. Shinkafa ce, a ci a tashi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yaran. Ban san wa ya fara ba, amma yanzu kowace makaranta tana yi, kuma kowa ya san kowa yana yi. Da safen ranar baƙi sai a shiga ajin da za a kalla a tsame waɗanda ba su iya ba, a cike gurbinsu da masu ƙoƙari daga wani aji. A wurinmu bayan sito ake kai su, gindin kashun nan, a ce su taya maigadi tsintar leda har baƙi su tafi. Wato yaran da aka kafa zagaye dominsu, su ne kaɗai zagaye ba ya gani.

Hedimastanmu na yanzu, Malam Ɗanlami, kin san shi yana mataimaki. Mutum ne mai son rufin asiri, ba ya son a ji kansa da kowa. Na same shi a kan wannan magana ba sau ɗaya ba. Kullum amsarsa ita ce shi ma ba ya so, amma ba zai zama shi kaɗai ne zai fito da tsummansa a gaban mutane ba, alhali kowa ya ɓoye nasa.

A cikin wannan hali aka turo mana Keziya. 'Yar Filato ce, ƙarama, da gama karatunta, ga son aiki kamar ta cinye allo. Aka danƙa mata aji huɗu, ajin da ya yi ta canjin malamai tun yana aji ɗaya. Ba ta yi nisa ba ta gano cewa yara da yawa a ciki kwafar allo kawai suke yi kamar masu zane. Rubutunsu tsaf, amma ka nuna musu kalma ɗaya ka ce su karanta sai su sunkuyar da kai. Littafin da aka ba ta kuwa yana maganar labari da fahimta. Ta yi ta fama. Ta ƙara murya, ta ƙara aikin gida, ta riƙe su bayan an tashi, ba abin da ya motsa.

Wata rana ta same ni a ofishin malamai idonta ya yi ja. Ta ce, "Anti, ni fa na gaji. Yaran nan ba su iya ba, ni ma ban iya koya musu ba. A kwaleji ba wanda ya nuna min yadda ake fara wa babban yaro daga a, ba, ca. Abeg, don Allah wani ya zo ya ga abin da nake yi ba daidai ba." Ta ce yayarta tana da shagon kayan waya a tashar Jabi, ta daɗe tana kiranta, kuma in zangon nan ya ƙare ba ta ga haske ba, za ta tafi.

Na tuna ki, na je na zauna a bayan ajinta. Na ga tana sauri, na ga tana cika allo da dogayen jimloli, na gaya mata. Na ba ta labarin tabarmin Malam Sani da kwalayensa, muka gwada, abin ya rikice mana, yara suka mai da shi wasa. Iyakar abin da na sani ke nan. A makarantarmu kaf ba mai wannan hannun, kuma ai dalilin da ya sa kika tsallaka katanga tun farko ke nan. Sai na ce mata ta kwantar da hankalinta, zagaye ya kusa zuwa kanmu, Malam Sani yana cikin tawaga. Da bakina na ce mata ta nemi a kalli ajinta. Ta nema, Malam Ɗanlami ya amince da murna, don sauran malamai kowa gudu yake.

Ranar ta zo da hadari. Tun da safe Malam Ɗanlami ya shiga ajin Keziya ya tsame yaran da ta ce don su take son a zo, ya kawo 'yan aji biyar ya zuba a wurinsu. Ta roƙe shi, ya ce ta bari a rabu da baƙi lafiya, maganar gyara sai daga baya. Baƙi suka iso, aka yi waƙa, aka shiga aji. Na zauna a baya kusa da Malam Sani. Keziya ta fara darasin da aka sa ta bita, 'yan aro suna ta ɗaga hannu, komai yana tafiya sumul.

Sai ruwa ya tsuge. Tagar ajin tana kallon sito, kin sani. Duk muka hango su, sun bar gindin kashu sun jeru a jikin bango ƙarƙashin ɗan bakin kwanon nan da bai kai ya rufe kafaɗa ba, feshi yana dukansu. Baƙi suka kawar da kai, don kowa ya san ko su waye, kowa yana da irinsu a gida. Keziya ta tsaya da alli a hannu. Sannan ta ajiye shi, ta fita cikin ruwan, ta dawo da su gaba ɗaya. Ta ce wa 'yan aji biyar su koma ajinsu. Ta juyo ta fuskanci tawaga, rigarta tana ɗiga, ta ce, "Ku yi haƙuri. Waɗannan su ne yarana. Zan koyar yadda nake yi kullum, ku gaya min inda nake kuskure."

Mama, da kina nan da kin tashi kin rungume ta.

Darasin ya watse, kamar yadda yake watsewa kullum. Ta rubuta jimla, ta kira yaro, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ta kira wata, ta fara kuka. Ta karanta da kanta suka bi ta da baki, ta nuna kalmar farko ita kaɗai, shiru. Duk da haka ba ta tsaya ba har aka kaɗa ƙararrawa. Tun da kika rasu ban ga darasi na gaskiya a zagaye ba sai ranar. Na saci kallon Malam Sani, na ga ya matso bakin benci, bakinsa yana motsi shi kaɗai, na ce alhamdulillahi, yau za a yi magana.

Aka koma rumfa aka zauna. Keziya ta zo da littafinta da biro, ta zauna a gaba tana jira. Hedimastan farko ya tashi ya ce malama ta nuna jajircewa. Na biyu ya ce aikin koyarwa sai haƙuri. Wata ta ce Allah ya shirya mana yaran zamani. Malam Sani ya buɗe baki, nasa hedimastan ya ɗora masa hannu a gwiwa, ya rufe. Na miƙe na ce jama'a, yarinyar nan tambaya ta yi, a cikinmu akwai wanda ya san amsa, don Allah a ba ta. Ban rufe baki ba aka sanar cewa abinci yana hucewa, kuma baƙi suna da nisa. Aka yi addu'a, aka buɗe kuloli. Har aka ɗauki hoto littafin Keziya yana buɗe, ba ta rubuta komai ba.

Na tare Malam Sani a bakin get yana neman keke napep. Na ce masa ashe haka za ka yi mana. Ya kasa haɗa ido da ni. A tsaye a nan ya zayyana min komai: yaran ba su san sautin baƙaƙe ba, Keziya ta ajiye littafin nan tukuna, ta raba su, ta fara da kaza, ta bi da kaza. Na ce to me ya hana ka faɗa a ciki? Ya ce, "Malama Maryam, mun ci abincinku. Kuma oga ya ce in na tona ku yau, ku za ku tona mu in kun zo." Ya ce amma ta zo Jiwa kowace rana ta zauna a ajinsa, in ta gani da idonta sau 'yan kaɗan za ta kama.

Na koma da gudu da wannan albishir, na tarar Malam Ɗanlami ya riga ni zuwa wurin Keziya. Bai yi mata ihu ba, da ma ya yi. Cewa ya yi ta kunyata makaranta a gaban baƙi, ta zubar masa da mutuncin da ya daɗe yana tarawa, kuma yanzu duk Abuja za a ce yaran Kurudu ba su iya karatu ba. Da na kawo maganar Jiwa ya ce yanzu ziyara sai ta jadawali, malami ba ya barin aji ya tafi wata makaranta sai da izinin ofis, shi kuwa ba zai rubuta wa ofis cewa malamarsa ba ta iya aiki ba. Na ce ni zan riƙe mata ajin. Ya ce ba a nan matsalar take ba. Na kira Alhajin ofis, ya ce shawara ce mai kyau ƙwarai, za a duba yiwuwar sa ta a tsarin zango mai zuwa.

Kin ji, Mama. Abin da kike yi da kuɗin mota da ruwa a jaka, yau ga ƙyalle, ga suna, ga tawaga, amma malama ɗaya ta kasa zuwa ajin malami ɗaya ta ga yadda yake koyar da a, ba, ca. Muka ce to a yi ranar Asabar, sai muka tuna ranar Asabar ba yara, kuma abin nan ba a koyonsa a kan benci babu kowa. Malam Sani ya yi ta yi mata bayani a waya, ta gwada iya gwadawa. Amma ta riga ta karaya. Sauran malamai sun daina zama kusa da ita, wai ta cika neman suna.

Zango ya ƙare, Keziya ta tafi. Na je na same ta a tashar Jabi, tana zaune a bayan gilashi tana liƙa wa wani direba kariyar fuskar waya. Ta yi min fara'a, ta sayo min lemo. Ba ta zagi kowa ba. Ta tambaye ni yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sannan ta ce, "Anti, da mutum ɗaya ya nuna min, da ban tafi ba." Na shanye lemon na taso.

Ba a turo wani a madadinta ba, sai aka ce in riƙa haɗawa da ajin kafin a samu. Ina yin abin da zan iya da 'yan kwalayena, ina kiran Malam Sani yana gyara min ta waya, muna rarrafawa. Na ɗauka iyakar ɓarnar ke nan, mun yi asarar malama.

Makon jiya ina cikin ajin, muna kan koyon harafin "ma", sai wata mota ta shigo harabar makaranta. Ba kowa ba ne, wani uba ne ya kawo wa 'yarsa abincin da ta manta. Na juya ina rubutu a allo, sai na ji motsin benci. Ko da na waiga, yaran nan sun miƙe, ba wanda ya ce musu komai, sun tura littattafansu ƙarƙashin tebur, sun yi layi suna fita a hankali. Su ɗin dai, ba ƙari ba ragi. Na ce kai, ina za ku? Wata 'yar siririya a cikinsu mai suna Hanne ta juyo, ba fushi ba kuka, ta ce, "Malama, ai baƙi ne. Bayan sito za mu."

Mun kasa koya musu karatu, Mama, amma wannan sun iya shi, kuma mu muka koya musu, makarantu da yawa da haɗin gwiwa. Na dawo da su na zaunar, na ce daga yau ko wa ya zo ba inda za su. Suka ce to. Amma har motar ta fita idonsu yana kan ƙofa, suna jiran a zo a kira su.

Na yi kewarki, Mama. Na yi kewar faɗanki, da yadda kike gaya wa mutum gaskiya ya ji zafi ya kuma dawo gobe da kansa. Ban san ko zan iya riƙe alkawarin da na yi wa yaran nan ba ranar da baƙin gaske za su zo, don ni ba hedimasta ba ce, amma zan tsaya a ƙofa.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane baƙi da wani yaro ya karanta ta dalilinki ya zame miki sadaka mai gudana. Allah ya buɗa wa Keziya inda take. Su Hanne kuwa, Allah ya kawo musu wanda zai koya musu, ya kuma yafe mana abin da muka sa a ransu.

'Yarki da ba ta daina mita ba,
Maryam
Kurudu, Abuja